Araha Ma Tana Ado

Bai fara duba bindigar da ido ba, da kunne ya fara. Ya zare ɗan katakon gaba, ya karya ta biyu, ya raba bututun da sauran jikin, ya ɗaura musu zare ya rataye a azarar rumfa. Sai ya ɗauki ƙotar wuƙa ya ɗan ƙwanƙwasa. Ƙarfen ya saki wata ƙara siririya mai dogon zango, irin ta ƙararrawar firamare in ka jiyo ta daga gona. Ya sake ƙwanƙwasawa wajen baki, ya kara kunne, ya yi tsit har sautin ya mutu don kansa.

"Alhaji, da sauran kwananta a gaba," ya ce wa kawuna. "Da 'kwaf' ta ce mani, da yanzu kun naɗe abarku kun koma."

Duk wanda ya taɓa raka uwarsa sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ya san wannan gwaji: mai ɓoyayyiyar tsaga ba ta amo. Bindiga mai baki biyu ma haka take, don bututu biyu ne aka jera aka liƙe, siririn ƙarfe ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suka rufe tsakaninsu. In liƙin ya saki a wani wuri, ko ido bai gani ba, amon zai fito a dusashe. Kuma duk ruwan da ya taɓa ta zai shige ta nan ya kwanta, ya riƙa ci daga inda hannu ba ya kaiwa.

Dattijon maƙeri ne, a wani gari da ke kan hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Ba zan faɗi sunansa ko na garin ba, duk ɗan yankin ya san dalili. Baba muke ce masa. Fartanya da garma da lauje su ne abincinsa na yau da gobe. Gyaran fatar bindiga kuwa, kamar yadda yake kiran aikin, a wurin wani mai gyaran bindigogi a Zariya ya koyo shi yana saurayi, kuma a shekara bai fi ya yi uku ko huɗu ba.

Bindigar kawu ƙirar Rasha ce, an buga mata Baikal a gefe. Masana'antar garin Izhevsk ce ke yin su, wadda aka kafa a 1942 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi ta shiga ƙera bindigogin farauta tana tura su ko'ina a duniya da araha. Ba bindigar sarakuna ba ce. Attajiran Ingila kan jira fiye da shekara a ƙera musu Purdey da kuɗin da zai sayi gida. Ita wannan nauyi gare ta, kunamarta da tauri, ƙotarta kamar kafinta ya yi ta yana saurin zuwa masallaci. Amma tana jure wuya kamar jaki. Kawu ya saye ta da kuɗin auduga, lokacin da manoman Daudawa da Funtuwa ke cin moriyar farin zinare, ya yi shekaru yana harbo zabin daji da makwarwa da ita, da kaka kuma ya kori birai daga masara.

Sai daji ya rufe. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yau, kalmar bindiga ba ta fita daga baki sai an waiwaya. Da can 'yan bindiga su ne masu buga adaka a gaban sarki ranar hawan salla. Tsohon tarihin Kano ma ya ce Sarki Babba Zaki, a ƙarni na 18, shi ya fara ajiye su a fada. Yanzu sunan ya koma kan irin waɗanda suka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020. Dazukan da mafarauta ke shiga da karnuka da rani, daga Rugu zuwa Kogo har gefen Birnin Gwari, suka zama wurin da ko itace ba a zuwa nema. Kawu ya rataye bindigarsa a bangon ɗakin ƙasa, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Bindigar da ba a fita da ita, ita tsatsa ta fi samu.

Ragowar ɓarnar kuwa ni na yi. Ina ɗan makaranta na zo hutu na ga ta yi ja, na ce bari in burge kawu. Na samo baƙin mai wurin masu gyaran babur na laɓta mata tun daga baki har gindi, katako da ƙarfe duka. Da na ga jan bai ɓata ba, na sayo gwangwanin fentin feshi na fesa a kan tsatsar. Kwana biyu tana sheƙi. Bayan wata uku fentin ya fara kumbura yana ɓarewa kamar fatar wanda rana ta ƙona. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Da Baba ya kankare wani wuri da farce ya ga abin da ke ƙasa, bai tambayi wa ya yi ba. Ni ya kalla.

Kafin ya ɗauki ko da magagari, takarda ya nema. Kawu ya ciro lasisinsa daga leda, Baba ya ba jikansa ya karanta lambar da ke ciki, shi kuma yana bin ta jikin ƙarfe da yatsa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai irin wannan ta farauta, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, adaka da harbi-ka-ruga, wadda ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Gyara ma da nasa izini. Baba na da tasa takardar, ta tsufa har ta yi laushi kamar tsumma, kuma ba ya taɓa wadda ba ta da tata. A wannan zamani maƙerin da bai yi haka ba, da hannunsa yake haƙa wa kansa rami.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, a duk kwanakin da aka yi ana aikin, bututun nan ba su kusanci wutar maƙera ba. Ga zugazugi, ga gawayin ƙirya jibge, ga mutumin da ya fi shekara hamsin yana baƙanta ƙarfe. Kowa ya san yadda maƙeri ke yi wa sabuwar fartanya: ya gasa ta, ya shafa mai, man ya ƙone ya bar baƙi. Minti biyar an gama. Na tambaye shi me ya hana.

"Ɗan nan, wanga ba aikin maƙeran baƙi ba ne kaɗai," in ji shi. "Akwai hannun maƙeran fari a cikinta."

Nufinsa dalma. Mafi yawan bindigogi masu baki biyu, masu tsada da masu araha, da dalma aka liƙe sirarran ƙarafan tsakiyarsu, gamin kuza da dalma irin wanda masu gyaran rediyo ke narkarwa. Wannan gami yana fara narkewa tun wajen digiri 183, baƙin ƙonannen mai kuwa sai ƙarfe ya kai digiri 300 ko fiye. Ka sa ta a wuta, ka ɗauko bututu biyu a rabe. Hanyar kamfani ma ba ta yi a nan. Su kan tafasa ƙarfe ne a ruwan soda mai ƙuna, irin ta masu sabulu, da wasu gishirai, a zafin da ya kai digiri 140, cikin rabin awa ya fito baƙi. Amma sodar tana cin dalma, tana kuma shiga ƙarƙashin liƙi ta ɓuya, bayan watanni ta riƙa tsattsafowa fari-fari. Akwai kuma ruwan kwalba da ake shafawa a sanyi, wanda baƙinsa ba ya wuce 'yan fita biyu. Saura hanya ɗaya, tsohuwa, mai cin lokaci, wadda zafinta ba ya wuce na tafasasshen ruwa. Ita ce Baba ya iya. A ganina rabin gwanintarsa shi ne sanin ranar da zai ajiye abin da ya gada ya zauna nesa da wuta.

Kwana biyu ya yi yana shiri kawai. Ya sassaƙa turaku huɗu na itace ya toshe bakunan bututun gaba da baya, ya bar su da tsawo don su zama mariƙa. Ya jiƙa fentina da tina ya kankare. Sannan ya ɗauki magagari mai laushin haƙora, ya riƙe shi da hannu biyu a gicciye, yana jan sa daga gindi zuwa baki a dogon zango, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya tsaya yana gurzar tabo ɗaya zai bar kwari, kuma kwarin da ba a gani a farin ƙarfe, baƙi na tona shi. Bayan magagari sai sanfefa, mai lamba 180, sai 240, sai 320, kowace a naɗe jikin ɗan katako, ba a kan yatsa ba, don yatsa na da laushi, yana kashe kaifin kusurwa ya shafe rubutu. Wurin lamba da hatimin masana'anta kuwa kamar yana shafa kan jariri. A 320 ya tsaya. Ya ce ƙarfen da ya yi sulɓi kamar madubi ba ya karɓar abin da za a ba shi.

Akwai wasu 'yan ramuka da tsatsa ta haƙa wajen tsakiya, kamar zanen ƙyanda. Na nuna masa na ce waɗannan fa? Ya ce nan za su zauna. Bangon bututun bindigar farauta, a inda ya fi siranta, bai cika milimita ɗaya ba. Duk wanda ya bi rami da magagari har ya ga ƙarshensa, naman ƙarfen ya rage, kuma ƙarfe ba ya tsirowa. Garin neman gira a rasa ido. Ya dai tsefe cikin ramukan da tsinken waya har jan ya fita, ya bar su.

Daga nan aka shiga yaƙi da maiƙo. Ya dama farar ƙasa da ruwa ya shafe bututun kamar ana yaɓen ɗaki, ya bar su suka bushe, ya kakkaɓe da sabon burushi. Farar ƙasar nan tamu ta Ƙanƙara, da ake lodi a manyan motoci zuwa kamfanoni, maiƙo take sha kamar yadda take shan ruwa. Ya wanke hannu da omo har gwiwa, ya wanke tsummokaran da zai yi aiki da su, har soson ƙarfe mai laushi da ya sayo wurin masu kayan kafinta sai da ya wanke, don da ɗan mai a jikinsa ake fito da shi daga kamfani. Ya ce daga yanzu babu wanda zai taɓa ƙarfen sai ta turakun.

Sai ya ɗauko wata kwalba daga rufin rumfa. Ruwan sama ne a ciki, an narkar da ɗan sinadarin liƙi, farin gishirin nan da maƙeran fari ke sa wa dalma don ta kama. Wasu da gishirin miya da ruwan tsami suke haɗa nasu, a Turai da Amurka kuma a kwalba ake sayarwa, amma duk aikinsu ɗaya. Ya tsoma auduga, ya matse ta har ta kusa bushewa, ya ja ta sau ɗaya daga gindi zuwa baki, ya juya ya ja wani layin a gefen na farko. Ba ya komawa inda ya wuce. Ya rataye su a ɗaki ya ja ƙofa.

Da muka dawo da safe, zuciyata ta faɗi. Ƙarfen da jiya yake fari tas yana ɗaukar ido, ya wayi gari ja wur, ya fi ranar da muka kawo shi muni. Kawu ya ce, "Baba, ai tsatsar da muka gudo ce ka kira mana." Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Alhaji, ita ta san hanyar gidan, ita za mu aika."

Yana da wani dogon kwami da ya yi da tsohon bututun ƙarfe da aka tsaga a tsaye, tsawonsa ya ɗan ɗara na bututun bindigar, waɗanda ba su wuce santimita 70 da 'yan kai ba. Ya ɗora shi kan duwatsu, ya cika da ruwan sama, ya hura wuta a ƙasa har ya tafasa, ya saƙala bututun da waya yadda ba za su taɓa gindi ba. Ina tsaye ina kallo jan nan ya fara duhu, daga ja zuwa ruwan ƙasa, daga ruwan ƙasa zuwa baƙi. Bayan kamar minti ashirin ya ɗago su. Zafinsu ya busar da su kafin ya kai su kan benci, sun lulluɓe da wani baƙin gari mai laushi kamar na gindin tukunya. Ya sa soson ƙarfe yana sharewa a hankali. Garin ya zube, ƙarƙashinsa ƙarfen ya fito ruwan toka, kamar hadari bai gama haɗuwa ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni dai ranar na ga an dafa ƙarfe.

Abin da ke faruwa a cikin kwamin ba sihiri ba ne, ko da yake ya yi kama. Tsatsa iri biyu ce, dukansu auren ƙarfe ne da iskar da muke shaƙa. Jar ita ce muguwar: sakwaf take, tana kumbura tana ɓarewa, tana shan ruwa kamar soso, don haka kullum tana buɗe sabon nama tana ci gaba da ci. Baƙar kuwa danginta ɗaya da baƙar tama da maganaɗisu ke ja. A matse take, tana manne wa ƙarfe, ba ta kumbura. Tafasasshen ruwa shi ke juya jar ta koma baƙa. Abin da bai kama ba soso ya share, abin da ya kama ya zauna, siriri ƙwarai, gashin kai ya ninka shi kauri sau da yawa. Shi kaɗai ba ya hana ruwa sosai. Amfaninsa shi ne yana riƙe mai a 'yan ƙofofinsa, man kuma ya tare ruwa. Rashawa da kansu, masu bindigar, banish ɗin tsatsa suke kiran wannan aiki, kuma shi ake yi wa bututun Purdey ɗin can a Ingila. Hanyar ba ta san kuɗin bindiga ba.

Shafa, rataya, tafasa, sharewa. Gobe a sake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga irin wannan haƙuri: zane na fitowa daga rijiyar baba kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya zama baƙi mai shuɗi a cikinsa. Babu tsomawa ɗaya da ke yin aikin. Mu sau bakwai aka yi, kuma sai a na huɗu na daina shakka.

Wurin da gwaninta take shi ne sanin lokacin ɗagowa, kuma ba agogo ke faɗa ba. A watan Agusta muka yi namu, sama na zuba, bango na gumi. In ya shafa da magariba, kafin asuba tsatsa ta nuna. Ranar da aka wuni ana yayyafi, cikin dare ya tashi ya tafasa, don in ta wuce ƙa'ida sai ta fara haƙa, ƙarfe ya yi kaushi. Yakan kama turaki ya ɗaga bututun wajen haske, yana neman ja mai laushi kamar garin barkono, ba mai gudaji ba. Da hunturu kuwa, in iskar arewa ta busar da komai har leɓe na tsagewa, sai a kwana uku ƙarfe na nan fari. Lokacin sai ya sa su a akwati da jiƙaƙƙen buhu a ƙasa ya rufe. Amma ya fi son damina, don ita ke ba shi ruwan da yake so. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da gishiri da kanwa-kanwa, suna barin dabbare-dabbare. Ko na sama ma ba ya tarar na indararo. A tsakar gida yake ajiye baho, sai ruwan ya ɗan jima da sauka ya wanke ƙura.

A zagaye na uku na sake yin tawa. Ya ce in miƙo masa bututun, turaki ɗaya ya suɓuce, na tare da babban yatsa. Ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba. Da aka tafasa washegari, ga hoton yatsana nan fes da zanensa duka, fari a tsakiyar baƙi, kamar na dangwala a katin zaɓe. Baba ya juya shi ya duba ya ce, "To, ɗan boko ya sa hannu."

Duk awannin da ƙarfe ke rataye yana tsatsa, shi yana kan ƙota. Ba itacen walnat ba ne irin na masu tsada, farin katako ne na dazukan Rasha, mai tauri, marar zane, wanda masana'anta ta rufe da jan banish mai kauri. Da ɓallin gilashin taga ya kankare shi, yana bin kwanciyar itacen, banish na fita a nannaɗe kamar ɓawon rogo. Zanen da aka tsattsaga a mariƙa don kada hannu ya zame, bai bari sanfefa ta je kusa ba. Tina ya ɗiga, ya tsefe da tsohon burushin haƙori. Gefen da katako ke haɗuwa da ƙarfe ma bai rage shi ba, don in katako ya yi ƙasa da ƙarfe babu mai ɗago shi.

Sai ya aika a aro dutsen guga na gawayi. Akwai wata lotsawa a gindin ƙotar, inda ta taɓa faɗowa kan turmi. Ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ya danna bakin dutsen guga, tururi ya tashi fuu. Sau uku, lotsawar ta taso ta yi daidai da sauran, don jijiyoyin itacen danne su aka yi, tururi ya kumbura su suka miƙe. Wani karce da ke kusa kuwa ko motsi bai yi ba. Nan an yanke jijiyar ne, ba abin da zai taso.

Baƙin maina ya fi ba shi wahala. Wuyan ƙota, inda take rungume ƙarfe, ya sha ya ƙoshi har ya yi baƙi, farce na shiga. Nan ne kuwa duk dukan harbi ke sauka, kuma katakon da ya jiƙe da mai laushi yake yi har ya tsage. Farar ƙasa ya sake komawa. Ya dama ta da sifirit, ya yaɓa, ya ajiye a rana in ta leƙo. Zafi ya kori man zuwa waje, ƙasar ta tsotse ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya kankare ya sake yaɓawa. Sai da aka yi fiye da mako kafin ta fara fitowa fara.

Launi da jiƙon bagaruwa ya ba ta, sama-sama, yana fara jiƙa wuraren da itacen ke da ƙishirwa da ruwa don kada su sha fiye da sauran su yi duhu. Ya kori soson ƙarfe daga bencin gaba ɗaya. Bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe baƙi take yi, da irin wannan haɗi dukawa ke baƙanta fata, kuma ɓurɓushi ɗaya ya isa ya bar ɗigo har abada. Da aka zo mai, kawu ya ce ga man kaɗe a gida, ga na gyaɗa. Baba ya nuna masa wani gilashi a kan katanga da ɗigo biyu a kai, ya ce ya taɓa. Ɗaya na gyaɗa ne, kwana goma yana nan a jiƙe. Ɗayan man linsid ne da masu fenti ke sayarwa, ya yi fata ya daskare. Wanda ba ya bushewa ƙura yake tarawa, ya yi wari, ya kira ƙwari. Na linsid yakan ɗiga uku ko huɗu a tafin hannu, ya murza har katako ya yi ɗumi, ya goge duk abin da ya rage, ya bar shi kwana biyu. Tsummokaran kuwa a shanya yake barin su ko ya jefa a ruwa, don in aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya ɗumama su kama wuta da kansu.

Wata rana muna zaune wani saurayi ya zo da tasa a cikin buhu, da takardarsa, yana so a baƙanta ta don ya samu mai saye. Baba ya rufe ido ya bi bututun da yatsu biyu, ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga baki. Ya ɗaga ya leƙa wajen haske, ya miƙo mini. Akwai wani zobe na inuwa a ciki. Zanzaro ne ya yi gini a bakin tana rataye, aka harba ba a leƙa ba, ƙarfen ya kumbura. Saurayin ya ce ai ba a gani sai an lura, fenti ma ya isa. Ya ƙara kuɗi. Baba ya mayar da ita cikin buhun da kansa.

"In na yi mata kwalliya," ya ce, "wanda zai saya da idonshi zai saya, da yatsunshi zai biya."

Tafasa ta ƙarshe ya daɗe a kanta fiye da sauran, don ruwa ya cinye duk wani sauran sinadari. Ya cire turakun, ya busar da ciki, ya kwarara man keken ɗinki tun ƙarfen na da ɗumi, ya bar shi kwana ɗaya yana sha. Ranar haɗawa ya fito da sukudireba huɗu, kowace ya wasa bakinta daidai da tsagar kusa ɗaya, don sako-sako ita ke zamewa ta karce aikin wata guda. Ya rufe ta, ta ce ƙyas.

Ba ta sheƙi irin na fenti. Baƙi ne mai zurfi, in rana ta taɓa shi sai ka ga shuɗi na motsi a ciki, kamar rawani ɗan Kura. 'Yan ramukan nan suna nan, sun yi baƙi sun kwanta. Ƙotar ta fito ruwan zuma, ga ma wani ɗan zane a jikin itacen da banish ya ɓoye tun daga Rasha. Kawu ya juya ta, ya juya, ya ce, "Ashe ƙarya ake yi da aka ce araha ba ta ado." Kuɗin aikin bai kai na buhun masara ba, har kawu ya ji kunya ya ƙara da zakara.

Baba ya raka mu bakin hanya yana ba kawu umarni: a ɗinka mata riga ta yadi saboda zanzaro, kada a cusa tsumma a bakinta, a nisanta ta da bango, a jingine ta baki ƙasa don mai ya daina gangarawa cikin ƙota, duk wanda ya taɓa ƙarfen a goge bayansa. Sai ya ce in zo. Ya zare ɗan katakon gaba ya nuna mini ƙarƙashi, inda ba a gani in an haɗa. Ko'ina baƙi ne sai wuri ɗaya da ya ɗan fi haske, da zanen babban yatsana a ciki. Na ce, "Baba, na ɗauka ka gyara." Ya ce da a fili yake da ya koma sanfefa ya faro daga farko, amma tunda a ɓoye ne, kuma kawu ya ce a bar shi, ya bari. Ya mayar da katakon, ya miƙa wa kawu bindigar ta wajen ƙota.